Zuwa ga Uwar 'Yan Biyu, Kafin Ku Kama Hanyar Keana

'Yata, Maman Biyu, uwar Hassana da Usaina: Labari ya iso mini cewa bana a Keana za ku yi Ƙaramar Sallah, ku kai wa Hajiya jikokinta da tun ranar suna ba ta sake sa su a ido ba sai ta waya. Na yi murna. Zumunta a ƙafa take, kuma tsohuwar da Allah ya ba ɗanta biyu a tashi ɗaya tana da haƙƙin ta ɗora su a cinya ta yi musu tawai kafin su yi wayo. Don haka ba hana ku zan yi ba. Sai dai na tsufa a aikin ungozoma, na ga yaran da aka kai gida Sallah ɓul-ɓul aka dawo da su a galabaice, kuma mafi yawansu ba mota ce ta taɓa su ba. Ki karanta a natse, sannan ki miƙa wa Baban Biyu, don rabin maganar tasa ce. Ni gwaggonsa ce, gidan da za ku sauka a cikinsa aka yanke mini cibiya, na san halinsa ciki da bai.

Fara da katunan rigakafi. Ɗauko su ki duba da idonki, kada ki ce kin tuna. Yaranki wata 4 suke nema, kuma ba su cika kwanakinsu a ciki ba, kamar yadda yake ga rabin tagwaye ko fiye, waɗanda kan zo kafin mako 37 da ƙaramin nauyi. Irin waɗannan ko sun murmure sun yi kumatu, ƙirjinsu bai kai na wanda ya cika wata tara ƙwari ba. Allurar mako 6, da ta mako 10, da ta mako 14, su ne ke tare musu mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon haƙarƙari, ga kuma ɗigon shan inna da na gudawa. Ba ki manta ɓarnar da mashaƙo ya yi a Kano da maƙwabtanta tun daga ƙarshen 2022 ba, kuma yaran da ba a yi wa allura ba, ko aka fara aka watsar, su ya fi kwasa. In ta ukun ba ta samu ba, a yi ta yanzu, don allura ba ta kama jiki ranar da aka yi ta, takan so kamar mako 2. Ta ƙyanda da ta sanƙarau da ta shawara kuwa sai sun kai wata 9. Wato za ki shiga taron Sallah da jarirai biyu da ba a yi musu waɗannan ba, a daidai lokacin da ƙyanda da sanƙarau suka fi yawo. Ranar da kika je asibitin, ki sa a auna nauyin kowacce a rubuta miki, ki kuma gaya wa ma'aikaciyar cewa tafiya za ku yi. In ta ce ƙaramar ba ta isa ba tukuna, magana ta ƙare.

Na ce lokacin cuta, to lokacin zafi ne kuma. A 2025 ranar 30 ga Maris aka yi Ƙaramar Sallah, kuma tana ja baya da kamar kwana 11 duk shekara, don haka bana ma cikin bazara za mu yi ta. Ke da kika tashi a Zariya kina ganin kin san zafi. Na kwarin Binuwai daban ne, ga rana ga gumi, da dare ma ɗaki ba ya hucewa. Jariri a cikin mota da tsakar rana kamar tukunyar gishirin garinmu ce a kan murhu, ruwan yana tafiya ba a ankara ba sai an leƙa an ga ƙasan tukunya. Babba zai ce yana jin ƙishi. Jariri sai dai ki ga famfas ɗinsa ya daɗe a bushe, leɓensa ya yi fari, maɗigarsa ta faɗa.

Saboda haka tafiyar asuba za ku yi, kuma kwana 3 ko 4 kafin jajibere. Ku idar da salla ku tashi daga Abuja, ku fice daga Nyanya da Mararaba da Masaka kafin cunkoso ya farka, don wanda ya bari sai jajibere zai iya cinye sanyin safiyarsa kaf bai ga Keffi ba. Hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafia ta yi kyau tun da aka mai da ita biyu, kuma kyan nata ne abin tsoro, don direba kan sake jiki ya taka. A tuna masa gangaren nan na tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon, wanda ya ci rayuka ba adadi kafin a gyara. Ku tsaya a Keffi, ku tsaya a Akwanga, ku tsaya a Lafia, ko da yaran barci suke. A fito da su, a miƙe musu baya, a ba su nono a inuwa, a sauya musu ƙunzugu. Kada a wuce awa 2 suna naɗe a wuri ɗaya, kuma ko minti ɗaya kada a bar su a mota a kulle da sunan za a sayo ruwa a dawo. A Lafia ku cika tanki, ku sayi duk abin da kuka manta na kanti ko na kemis. Daga nan a bugo gida a tambaya wace hanya ta fi lafiya a ranar, ta Obi ko ta Kadarko da Giza. Yankinmu na Keana da Obi da Awe ya sha fama da rikicin manoma da makiyaya, ba abin ɓoyewa ba ne, kuma mutanen gida sun fi kowa sanin yadda gari ya kwana. Ku shiga Keana rana tana sama. In kun makara, ku kwana a Lafia, ba wanda zai ce kun yi laifi.

Batun zama a mota, zan faɗi gaskiya ko da tsada. Kujerar jarirai da ake ɗaurewa a baya, fuskar yaro tana kallon bayan mota, ita ce daidai, kuma biyu kuke bukata. In saya ta gagara, a nemi aro. Na san za a ce iyayenmu a cinya suka kai mu ko'ina. Haka ne, a bayan akori-kura mai tafiyar hawainiya. Motar yanzu in ta ci birki da ƙarfi, ba hannun uwar da zai iya riƙe ɗa, komai sonta da shi. In kuwa motar haya ce, ku biya kuɗin kujerar baya gaba ɗaya, kada ku yarda 'yan kamasho su cusa muku mutum na huɗu da buhu. Kowace yarinya da babban da ke riƙe da ita, babban ya ɗaura bel a jikinsa shi kaɗai, ba a haɗa shi da jaririya a bel ɗaya. Gaban mota haramiyarsu ce. Ki sa 122 a wayarki, lambar gaggawa ce ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Allah ya sa ba za a bukace ta ba.

In Baban Biyu ne zai tuƙa, to ke kaɗai ce a baya da yara biyu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tafi da mutum na uku. Babba nake nufi, ƙanwarki ko tasa, wadda yaran suka saba da ƙamshinta. 'Yar shekara 9 da ake kira 'yar raino ita kanta raino take bukata.

Tafiyar za ta faɗo a goman ƙarshe na azumi, kuma a nan na san za ki yi mini gardama a zuci. Addini ya yi rangwame ga matafiyi, ya yi ga mai shayarwar da ke tsoron cutuwar kanta ko ta ɗanta. Ke kin haɗa biyun, kuma baki biyu kike ciyarwa. Ki tambayi malaminku yadda ramuwa take da abin da ke kanki, amma kada ki hau hanyar Lafia cikin Maris da bakin azumi kina sa ran nono ya ishi yara biyu. Ki sha ruwa, ki sha kunu, ki ci abinci a kowace tsayawa. Shi ma mai tuƙin, in ya raba dare a tahajjud, kada ya zauna a sitiyari da asuba. Ko ya yi barci, ko a nemi direba.

Hanya ke nan, kuma ita ce mai sauƙin. Yanzu ga inda na fi so ki buɗe kunne.

Motar ba za ta gama tsayawa a ƙofar gida ba za ki ji guɗa. Kafin ki sauke ƙafa ɗaya, an zare Hassana ta wannan taga, an karɓe Usaina ta waccan ƙofa. Ki shiga tsakar gida ki tarar ɗaya tana hannun kishiyar Hajiya, ɗayar an wuce da ita maƙwabta a nuna. Ana ta magana da yaren Alago, wanda ba ki ji sai gaisuwa. Kina durƙushe kina gaida manya, idonki yana rarraba, sai ki hango wata tsohuwa ta zauna bakin randa, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta tsoma yatsa tana ɗiga wa Usaina a baki, tana cewa baƙo da ruwa ake tarbarsa, dubi yadda suka sha rana. Ba mugunta a ciki ko ƙwayar zarra. Ƙauna ce tsagwaronta. Kuma daga wannan moɗar gudawa kan fara.

Har su cika wata 6, nono kaɗai ya ishe su, ko ruwa ba sa bukata, don kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. In zafi ya yi yawa, sai a ƙara yawan ba su. Wannan shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kai, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariranmu ke samun nono zalla. Kin ga ke nan a gidan da za ki, ke ce bare a wannan ra'ayi, kuma duk wadda za ta ba ki shawara ta raini 'ya'ya 7 ko 8 da ruwan randa. Bayan ruwa za a kawo zuma a lasa musu, alhali ba a ba yaro zuma sai ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki ta saki jijiyoyin jariri har numfashi ya gagara. Za a kawo bauri, a ce cikinsu ne ke murɗa. Za a kawo kwalli a rangaɗa musu don hoton Sallah, kuma yawancin kwallin kasuwa akwai dalma a cikinsa, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa. In ɗaya ta yi tari sau biyu, wani zai ce belu ne, a kira wanzami. Wannan na ƙarshen, ko sama da ƙasa za su haɗe, kada aska ta shiga bakin 'yarki.

To yaya za ki hana, ke suruka, baƙuwa, mai kunyar uwar miji? Ba za ki iya ba, kuma bai kamata a bar ki da shi ba. In kika buɗe baki kika ce a'a, kafin magariba labari ya zaga cewa matar Abuja tana ƙyamar dangin miji. In shi ya faɗa, an ce ɗanmu ya faɗa, shi ke nan.

Kai nake wa magana yanzu, ɗana. Tun kafin ku taso, ka kira mahaifiyarka, ku yi magana ku biyu, ba a gaban jama'a ba. Kada ka ce mata ga abin da matarka take so. Ka ce likita ya ce yaran nan ba su cika kwanaki ba, ya hana a ba su komai sai nono, ya hana a yi ta yawo da su hannu-hannu, kuma ba wanda zai iya tsare wannan doka a gidan sai ita. Ka ɗora mata amanar. Na san matar yayana. In ka yi mata umarni za ta ji zafi, in ka naɗa ta mai gadi, ko ni na miƙa hannu sai ta tambaye ni ko na wanke. Matan Keana ba ragwaye ba ne. Su ne tun kaka da kakanni ke tace ruwan gishiri su dafa shi, da goyo a bayansu, har sunan garin ya kai kasuwannin nesa, kuma har gobe gishirin nan ake yi wa bikin Oyarore. Macen da ta riƙe gida da wannan aiki ba a koya mata raino da gatsali. A ba ta girmanta, a bar mata abin da ta fi ku iyawa: wanka, da shafa man kaɗanya, da gasa jiki, da goyo da majanyi lokacin da kuka ya ƙi ƙarewa. Za ku sha mamakin yadda yarinyar da ta hana ku barci a Abuja za ta yi luf a bayan kakarta.

'Yata, akwai wata magana da ba a cika yi ba, kuma a gidan tagwaye ta fi tasowa. Duka biyun suna kuka, kina ba ɗaya, sai faccalarki mai goyo ta ce kawo ɗayar in ba ta kafin ki gama. Taimako take nufi. Amma akwai cututtukan da ke bi ta nono, ƙanjamau na ciki, kuma ba kowa ya san matsayinsa ba. Sannan ga hukuncin shari'a: a mazhabar Malikiyya da muke bi, nonon da ya isa cikin jariri ko sau ɗaya ne yana haramta aure. Yarinyar ta zama 'yar'uwar 'ya'yan wannan mata ke nan har abada. A dangi irin namu da ake auren zumunci, an sha ganin maganar aure ta yi nisa, sai wata tsohuwa ta tuna wata Sallah shekara 20 baya. Ki yi mata godiya, ki ce ta riƙe miki ita tana jijjigawa. Ki kuma koyi ba su tare, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, da matashi a ƙarƙashin kowacce. In kuna haɗa musu da madarar gwangwani, ki tafi da wadda suka saba da ita wadatacciya, kada ki dogara za ki samu irinta a can. Ruwan haɗawa a tafasa shi, a haɗa yana da zafinsa, a bari ta huce, abin da ya kai awa 2 a zubar. Bulumboti a wanke a tafasa, kowace yarinya da nata.

Jama'a za su zo, fiye da yadda kike zato. Mutanenmu suna ganin tagwaye albarka ce, wasu kuma har yanzu suna tsoron kofinsu, suna cewa in ka ɓata musu rai sai su turo maka kunama. Ni dai na karɓi haihuwar tagwaye da yawa, ban ga wanda ya aiko mini da ko kiyashi ba. Amma al'adar da ta fito daga wannan tsoro mai kyau ce: duk abin da aka ba ɗaya sai a ba ɗayar irinsa. Ki bar su su yi, ki karɓi goron Sallah biyu-biyu da fara'a. Abin da za a tsare shi ne sumbatar baki da fuska, da hannun da bai ga sabulu ba, da mai tari ko mura ko ƙuraje. A ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗaki. A sa lokacin ganin yara, da hantsi da bayan la'asar, sauran lokaci a ce suna barci, wanda galibi gaskiya ne.

Filin idi kuwa, a bar su a gida. Haka gaisuwar Sallah a fadar Osana, sarkin Keana, da kiɗa da turereniya da ƙura. Babansu ya je ya wakilce su. Kayan ankon leshi da kika ɗinka musu, a sa a ɗauki hoto a cire, a mai da su cikin 'yar shimi ta auduga. Hular ulu da safa cikin Maris azaba ce, ko wa ya ce a sa.

Dare shi ne sauran aiki. Ki tafi da gidan sauronki mai magani, da igiya da ƙusa, kada ki ce akwai a can. Zazzaɓin cizon sauro ba ya hutun rani a ƙasarmu, kuma maganin kariyar da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa 59, na damina ne, ba zai same ku ba. Maganin sauro mai hayaƙi kada a kunna shi inda suke. Janareta a kai shi nesa da taga, hayaƙinsa ya sha kashe iyali guda suna barci. Ɗakin da za a ba ku, a share shi tun kafin ku zo, a fitar da buhunan hatsi da doya, a toshe ramuka, don rani lokacin zazzaɓin Lassa ne, ɓera ke yaɗa shi, kuma jiharmu tana cikin masu fama da shi. A kwantar da su rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tulin zannuwa, kuma ba a tsakiyar manya ko yaran gida da ke birgima ba.

Ga wani abu da na gani da idona a wani gida. Tagwaye maza ne masu kama ɗaya sak, duka biyun suna zazzaɓi. Cikin dare, wuta ta ɗauke, fitilar caji ta yi ja. Uwa ta ba ɗaya magani ta fita ɗebo ruwa. Kaka ta farka, ta ji kuka, ta laluba ta ɗauki yaro ta ba shi magani. Da gari ya waye aka gane yaro ɗaya ya sha sau biyu, ɗan'uwansa ko ɗigo bai samu ba. Allah ya kiyaye, amma sai da muka kwana biyu a kansa. Naki ma ni kaina ba na rabe su a hoto. Ki sa wa Hassana lalle a babban yatsan ƙafa, ko zare mai launi a zanenta, kowa a gidan ya san alamar. Magani kuma mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa, ke, kina rubutawa a takarda: wa ta sha, ƙarfe nawa. Awon maganin jarirai da nauyi yake tafiya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa na ce a rubuta miki.

A jakarki ta hannu, ba a but ba, a samu katunansu, da ma'aunin zafin jiki, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc, da kayan sauyi uku-uku. In gudawa ta zo, a ci gaba da nono, a haɗa ƙullin yadda aka rubuta a jikinsa, a nufi asibiti. Kada a ce ga gishiri a gida a haɗa da ka. A garin gishiri hannu yana da nauyi wajen barbaɗawa, kuma in ya yi yawa a ruwan jariri illarsa ta fi ta gudawar. In ma'auni ya nuna 38, ko yarinya ta ƙi kama nono, ko numfashinta ya yi sauri har ƙasan ƙirji yana lotsawa, ko ta yi jijjiga, ko ta yi laƙwas ba ta farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran a gama cin tuwon Sallah, ba a tsayawa shawara da tsakar gida. Akwai babban asibiti a Keana, ku san ƙofarsa tun ranar da kuka sauka, ku kuma tambayi wa ke aiki ranakun hutu. In abin ya fi ƙarfinsu, Lafia za a tura ku, shi ya sa motar ba za ta kwana ba mai ba, kuma ba za a ba wani ƙane aronta ya tafi yawon Sallah ba. Ɗaya in ta kamu, a duba ɗayar ma, don abin da ya sami Hassana yana hanyar Usaina.

Ke kanki kuma, 'yata, kada kunya ta sa ki shiga madafa ki kama tuƙin tuwon mutum 30 don a ce surukar kirki ce. Aikinki a wannan Sallah shayarwa ne. Ki gaida kowa, ki ɗan taɓa abin da ya sawwaƙa, ki koma ɗaki ki kwanta lokacin da suka kwanta. Hajiya za ta dama miki kunun kanwa, ki sha, amma a sassauta kanwar. Kai kuma ɗana, na san abokan ƙuruciya za su janye ka majalisa tun safe har dare. Ka je, amma ka riƙa leƙowa, kuma dare naka ne kamar yadda yake nata. Ba abin kunya ba ne a ga namiji da 'yarsa a kafaɗa a gidan ubansa.

Kada ku daɗe. Kwana 4 ko 5 bayan Sallah sun isa a ga juna, kuma ku bari rububin komawa aiki ya lafa kafin ku juyo, da asuba kamar yadda kuka zo. In kuwa kun auna kun ga allura ba ta cika ba, ko ba a sami mutum na uku ba, ko ɗaya tana tari, to ku aika mota ta ɗauko Hajiya ta yi Sallah a wurinku. Tsohuwa ɗaya ta fi jarirai biyu sauƙin ɗauka. Babbar Sallah tana nan bayan wata 2 da kwana 10, lokacin sun haura wata 6, wuya ya tsaya, an fara ba su kunu.

Ɗana, kada ka bar kiran nan sai kun shiga mota. Ka kira mahaifiyarka yau, bayan an sha ruwa, ka gaya mata gwaggo ma tana gaishe ta. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya raya mana Hassana da Usaina.